Larabawan Isra'ila da korona: shin gamsuwa da hukuma na rage fargaba?

Ɗalibar Ilimi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana cewa wanda ya gamsu da aikin hukumomi ya fi samun kwanciyar hankali lokacin annoba. To, ya abin yake ga Larabawa 'yan ƙasar Isra'ila, da suka kai kusan kashi 21 cikin ɗari na jama'ar ƙasar? Kuma ta yaya ake auna shi?

Mai Nazari:
Wa alaikumus salam Malama. Babban kuskure shi ne a tambayi mutum, "Ka gamsu da gwamnati?" a dunƙule. A wajen mutumin garuruwan Larabawa irin su Nazarat ko Ummul Faham, hukuma ba guda ba ce. Tun 1995 doka ta ba kowane mazauni inshorar lafiya ta ɗaya daga cikin asusu huɗu: Clalit, Maccabi, Meuhedet da Leumit. Sau da yawa likitan da ke duba shi da mai ba shi magani Larabawa ne 'yan'uwansa, da harshensa suke masa bayani. Can kuma ga 'yan sanda, waɗanda ba a manta da Larabawa 13 da suka kashe a Oktoban 2000 ba, kuma su ne suka riƙa cin tarar wanda ya karya dokar kulle lokacin korona. Ga hukumar leƙen asiri ta Shin Bet da aka ba izinin bin diddigin wayoyin masu cutar a Maris 2020. In kika haɗa su wuri guda, yabon asibiti zai rufe ƙorafin da ake yi da 'yan sanda, ki tashi da lissafin da bai nuna komai ba. Ki ware asibiti, ma'aikatar lafiya, ƙaramar hukuma da 'yan sanda, kowanne da makinsa daga 1 zuwa 5.

Malamar Ƙididdiga:
Ta ɓangaren fargaba, ma'aunin damuwa da ake kira GAD-7 ya wadatar. Tambayoyi bakwai ne kan makonni biyun da suka wuce, kowacce maki 0 zuwa 3, jimla 21. Daga 10 zuwa sama ake ɗaukar damuwar ta yi nauyi. Sai dai a yi shi da Larabci, kada a miƙa wa dattijo takardar Ibrananci. Ki kuma tambayi ko mai amsa ya rasa aiki, da adadin mutanen da ke kwana a gidan. Wanda aka ce ya killace kansa alhali ɗaki ɗaya yake da 'ya'ya biyar, ƙuncin gida ne ya hana shi barci, ko da ya yarda da likita.

Baban Amira:
Malama, a kula da lokaci. Amsar da aka samu a azumin 2020, masallatai a rufe, ta sha bamban da ta bayan bukukuwan auren bazarar shekarar, sa'ad da garuruwan Larabawa da dama suka shiga jerin "jajayen garuruwa", wato inda cutar ta fi ƙamari, balle ta bayan fara rigakafi a Disamba. Abin da ya fi damuna shi ne tambaya ta intanet: ba ta isa ga Badawiyyan hamadar Naƙab, a kudancin ƙasar, da ke ƙauyukan da gwamnati ba ta amince da su ba, inda babu wutar gwamnati, asibiti kuma da nisa. Su ne hukuma ta fi yi wa nisa, kuma su ake tsallakewa. Sannan ko alaƙar ta fito, kada ki yi saurin cewa rashin gamsuwa ne ya haifi fargaba, domin mai fargaba ma yakan ga baƙin kowa. Sai kin koma wa mutanen nan dai karo na biyu, bayan wasu watanni, kafin ki san wanne ya riga wanne.