Karatu kyauta ya isa ladan ɗan wasan jami'a a Amurka?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Tun da alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun nan tsakanin hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, da 'yan wasa a watan Yunin 2025 nake ta tauna maganar, kuma har yau ina kan bakana. Jami'a ba kulob ba ce. Yaron da aka ɗauka saboda ƙwallo, aka yafe masa kuɗin makaranta, aka ba shi ɗaki da abinci da likita da malamin bita, an riga an sallame shi. Akwai jami'o'in da shekara ɗaya a cikinsu ke cin sama da dala 70,000. Miliyoyin Amurkawa suna gama digiri da bashi a wuya, shi kuwa ya fita ba mai bin sa ko sisi. Yanzu an ce kowace jami'a tana iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, ga kuma diyyar dala biliyan 2.8 da za a biya na baya cikin shekara 10. Ni dai na ce an kama hanyar rusa wasannin jami'a.

Abba Ɗan Kwando: Wa alaikumus salam Baba. Ka yi haƙuri, amma ka faɗi abin da ake ba yaro, ba ka faɗi abin da yaro ke kawowa ba. Gasar ƙwallon kwandon jami'o'i ta watan Maris kaɗai, a 2010 CBS da Turner sun sayi haƙƙin nuna ta a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14. A 2016 suka ƙara biliyan 8.8 don su riƙe ta har 2032. Wa mutane ke kunna talabijin su kalla? Shugaban jami'a? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baban Amira: Rigar suke kallo, Abba. Filin wasan jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, kuma yana cika ko wane ne ke cikin fili. Yaro zai yi shekara 3 ko 4 ya wuce, 'yan kallo suna nan saboda a makarantar suka yi karatu, su da iyayensu.

Abba Ɗan Kwando: To in rigar ce kawai, me ya sa suke kashe miliyoyi wajen farautar yara tun daga sakandare? Su debo kowane ɗalibi daga aji su sa masa rigar mana, mu ga ko gidajen talabijin za su sake biyan wannan farashi.

Kawu na Houston: Barkanku da war haka. Malam, bari in ba ku labarin inda rigimar ta samo asali, don da yawa sun ɗauka yau aka fara. Ed O'Bannon shi ne tauraron jami'ar UCLA lokacin da ta ci kofin ƙwallon kwando a 1995. Bai daɗe a NBA, gasar ƙwararrun 'yan kwando, ba. Bayan shekaru, yana aikin sayar da motoci a jihar Nevada, sai ya ga kansa a cikin wasan bidiyo na kamfanin EA Sports. Ba su sa sunansa ba, amma ga lamba 31 a riga, ga kai a aske ƙwal, ga jifa da hannun hagu kamar yadda yake yi. An sayar da kamanninsa, ba a tambaye shi ba, ba a ba shi komai ba. A 2009 ya shigar da ƙara. Ita dai wannan Wilken ce ta yanke hukunci a 2014. Sai kuma shari'ar Alston, wata ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, a 2021, inda alƙalan Kotun Ƙoli 9 gaba ɗaya suka ba NCAA rashin gaskiya. Mai shari'a Kavanaugh har ya rubuta cewa irin wannan tsari, da a wata sana'a ce a Amurka, kusan ko'ina da ya saɓa doka ƙarara. Daga 1 ga Yulin 2021 aka bar yara su riƙa karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu. Wato NCAA ba don ra'ayin kanta ta saki ba, kotu ce ta ɓamɓare hannunta.

Alhaji na Kwari: Malam, ni ɗan kasuwa ne, lissafi zan yi maka. A NBA 'yan wasa suna ɗaukar kusan rabin kuɗin da wasan ya kawo. A NFL, gasar ƙwararrun ƙwallon Amurka, ma kusan kashi 48 cikin 100. Wannan miliyan 20.5 da ta tayar maka da hankali, kusan kashi 22 ne na matsakaicin abin da manyan jami'o'in ke samu daga wasanni. Har yanzu jami'a ce ke da kaso mai tsoka.

Baban Amira: Alhaji, ranka ya daɗe, ciniki daban, riba daban, kai ka fi ni sani. Alƙaluman NCAA na 2019 sun nuna cewa a rukunin manyan jami'o'i masu ƙwallon Amurka, kusan 25 ne kawai sashen wasanninsu ya samu fiye da abin da ya kashe. Sauran da kuɗin makaranta ake cike musu giɓi, har da kuɗin da ake ɗora wa ɗaliban da ba su taɓa shiga filin wasa ba. Daga ina za su samo wannan miliyan 20?

Alhaji na Kwari: Yawwa, ka zo inda nake jira. Ba su da riba ne saboda ba su da dalilin barin riba. Ba masu hannun jari da za su zo ƙarshen shekara su ce a raba, kuma a da an hana biyan yara. Kuɗi kuwa in ya shigo sai ya nemi hanyar fita. Sai ya bi ta albashin koci da gine-gine. Nick Saban yana karɓar sama da dala miliyan 11 a shekara a Alabama kafin ya yi ritaya a Janairun 2024. Kirby Smart na Georgia ya sa hannu a kwantiragin miliyan 13 a shekara. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Texas A&M. A Nuwamban 2023 suka kori kocinsu Jimbo Fisher, kuma dole su biya shi sama da dala miliyan 75 don ya tafi gida ya zauna. Kuɗin sallamar mutum ɗaya ya ninka abin da za a raba wa dukan 'yan wasan jami'a a shekara fiye da sau 3. Duk wanda zai iya biyan wannan, kada ya zo yana mini kukan talauci.

Baban Amira: Wani ɓangare na kuɗin Fisher attajirai masu ba da gudummawa ne suka tara.

Alhaji na Kwari: To su tara na yaran ma.

Maman Sadik: Sallama gare ku. Na yi shiru ina karantawa, amma kun bar mutanen da abin zai fi taɓawa, kuma cikinsu akwai namu. Ni malamar motsa jiki ce, 'yan mata nake koya wa gudu. Filinmu ƙasa ce, da garin farar ƙasa muke zana layi, kuma in yarinya ta yi gudu mai kyau da waya muke ɗaukar ta, ina riƙe da agogo a ɗaya hannun. Duk wadda ta yi fice a cikinsu, burin da ake nuna mata shi ne tallafin karatu a Amurka. Tobi Amusan ta hanyar jami'ar Texas da ke El Paso ta bi, ta ci gasar NCAA a 2017, sannan ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 a 2022, daƙiƙa 12.12. Blessing Okagbare ma a can ta yi. Favour Ofili ta yi LSU, jami'ar jihar Louisiana. Guje-guje da tsalle-tsalle ba sa kawo wa jami'a kuɗi. Abin da ƙwallon Amurka da kwandon maza suka tara ne ake yafito musu. Yanzu a tsarin rabon diyyar, kusan kashi 75 na 'yan ƙwallon Amurka ne, 15 na kwandon maza, 5 na kwandon mata, sauran wasanni duka su raba 5, kuma jami'o'i da yawa haka suke bi a sabon rabon. Sannan an ƙayyade yawan 'yan wasa, guje-guje mutum 45. In shugaban wasanni yana neman inda zai rage kashe kuɗi, ba zai taɓa kocin ƙwallo ba, Alhaji. Masu gudu da masu ninƙaya zai fara dubawa.

Baban Amira: Allah ya saka miki da alheri, Malama. Abin da nake hangowa ke nan. A 2020 jami'ar Stanford, da duk arzikinta, ta sanar za ta soke wasanni 11.

Kawu na Houston: Ta kuma janye a 2021 bayan tsofaffin ɗalibai sun tashi tsaye, har an kai ƙara kotu. Kuma lura, Malam, a lokacin ba a fara biyan kowane yaro ba. Soke ƙananan wasanni ya girmi wannan sulhu.

Abba Ɗan Kwando: Anti, na ji maganarki kuma ta shige ni. Amma ina da tambaya. Yaron da ke buga ƙwallon Amurka, wanda ake gwara masa kai kowace Asabar, da yawansu baƙaƙen fata ne daga gidaje marasa ƙarfi. Don me shi zai ɗauki nauyin mai wasan golf da mai tuƙin kwale-kwale? In jami'a tana alfahari da masu gudunta, ta biya daga aljihunta kamar yadda take biyan ɗakin karatu. Kuma ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'a ne ke zama ƙwararru. Ga mafi yawansu, waɗannan shekaru 4 su ne kaɗai lokacin da jikinsu ke da farashi. In gwiwa ta tafi, shi ke nan.

Baban Amira: Wannan kashi 2 ɗin hujjata ce, ba taka ba. Tunda 98 ba za su ci abinci da ƙwallo ba, digirin shi ne dukiyarsu.

Kawu na Houston: Da ana barin su su yi karatun, da na bi bayanka. Dokar NCAA ta ce awa 20 a mako, amma binciken hukumar da kanta ya nuna 'yan ƙwallon Amurka a manyan jami'o'i suna ba wasan sama da awa 40. Sannan dubi abin da manya suka yi saboda kuɗin talabijin. Rukunin Big Ten, ɗaya daga cikin rukunonin jami'o'in da ke gasa da juna, ya ƙulla cinikin kusan dala biliyan 7 na shekara 7 da Fox da CBS da NBC, a 2024 kuma USC da UCLA suka bar maƙwabtansu na gaɓar yamma suka koma cikinsa. Rukunin da suka bari, Pac-12, mai tarihin sama da shekara 100, ya kusa watsewa gaba ɗaya. Yau 'yar wasan ƙwallon raga daga Los Angeles za ta hau jirgi kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey a tsakiyar zangon karatu, ta dawo ta shiga aji. Ba 'yan wasa suka yanke wannan shawara ba, shugabannin jami'o'i ne, masu cewa karatu ne gaba da komai.

Maman Sadik: Kawu, ina da tambaya a kan namu da ke can. Su ma suna samun kuɗin tallar?

Kawu na Houston: A nan ne aka bar su a baya, Malama. Bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita aikin da baƙo zai yi a cikin Amurka, don haka abokin wasanka Ba'amurke yana karɓar kuɗin talla kai kana kallo. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, wanda ya zama gwarzon kwandon jami'o'i a 2022 yana Kentucky, sai da ƙungiyarsu ta je Bahamas a wannan shekarar ya samu damar yin aikin tallarsa a wajen ƙasar. A garin nan da nake, Hakeem Olajuwon ya taso daga Legas ya kai jami'ar Houston wasan ƙarshe na gasar kwando a 1983 da 1984. A zamaninsa ba wanda ake biya. Yau da ake biya, baƙo irinsa sai ya nemi lauyan shige da fice kafin ya taɓa kuɗin.

Baban Amira: Kun ga ke nan sabon tsarin bai yi adalcin da ake yi masa kirari ba. Ya ƙara wa mai jifan ƙwallo a Ohio State da Texas, ya bar 'yar gudu da baƙo. Ga kuma sauya sheƙa ba iyaka, yaro ya yi jami'a 3 cikin shekara 4 yana bin wanda ya fi tayi. Wane digiri zai haɗa a haka?

Alhaji na Kwari: Koci ma haka yake yi, Malam, yana tsakiyar kwantiragi zai tattara ya bar yaran da ya je har ɗakin iyayensu ya yi musu alkawari. Maganin yawon yaran kwantiragi ne. A yarda ma'aikata ne, su kafa ƙungiya, a zauna a yi ciniki kamar yadda ake yi a NFL: shekara nawa za ka zauna, nawa za a ba ka, wa zai biya asibiti in ciwon ya taso bayan ka gama. Jami'o'in ne ke gudun haka, don suna tsoron abin da zai biyo baya.

Baban Amira: In aka kai nan, a cire sunan jami'a kawai a kira su kulob. Ni ban ga abin da ya haɗa makaranta da biyan albashin ɗan ƙwallo ba, kuma ba ku gamsar da ni ba. Inda na yarda da Alhaji shi ne kuɗin koci, wannan almubazzaranci ne.

Maman Sadik: Ni kuma ba na adawa da a biya yaran, haƙƙinsu ne. Abin da nake so shi ne duk jami'ar da za ta shiga wannan rabo a ɗaure ta da sharaɗin ba za ta rage tallafin karatun ƙananan wasanni ba, kamar yadda dokar Title IX ta 1972 ta tilasta musu buɗe wa mata ƙofa. In ba doka, alkawarin baki ba zai hana su soke ƙungiyar gudu ranar da lissafi ya ƙi fita ba. Kawu, don Allah in ka ji wata jami'a a Texas ta rage gurbin masu gudu a bana, ka sanar da ni kafin mu fara tura bidiyon yaran.

Kawu na Houston: In sha Allah, Malama. Ki turo mini tazarar da kowacce ke gudu da lokacin da take yi, zan duba jami'o'in da har yanzu ke ɗaukar baƙi.