Wace jakar goyo ce za ta kare min kyamara daga ruwa da ƙura?

Mai Hoton Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena a wannan sana'a. Shawara nake nema kafin in sake zubar da kuɗi.

Shekara uku ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna a nan Garwa, wani lokaci a kira ni Pitowa ko Lagdo, kuma duk zirga-zirgata a kan babur ce. Abin da nake goyawa: kyamara Canon 80D, lensi biyu, filashi, batir uku da caja, sai 'yar kwamfutar da nake nuna wa masu biki hotunansu. A watan Agusta ina dawowa daga ɗaurin aure a Lagdo hadari ya haɗo, kafin in kai gadar Binuwai ruwa ya tsuge, ga ba wurin fakewa. Jakar da ke bayana na saye ta ne saboda an rubuta a jikinta cewa ruwa ba ya shiga. Da na isa gida na buɗe, soson cikinta kamar an tsoma shi a randa. Kyamara ta tsira saboda na naɗe ta da rigar da na canza, amma filashi bai sake kamawa ba har yau.

Yanzu na tara sefa dubu 45. Me zan duba a jikin jaka kafin in biya? Akwai wadda ruwa ba ya shiga da gaske, ko duk rubutu ne? Allah ya saka da alheri.

Kawu Mai Nikon, Ngaundere

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar maka da alheri. Mu nan damina ta fi taku tsawo, tun daga wajen Afrilu har Oktoba muna cikinta, to wannan ciwon na san shi sosai.

Ka fara cire ranka daga rubutun da ke jikin jaka. Yawancin jakunkunan kyamara yadinsu an shafa masa wani abu kamar roba ta ciki, an kuma fesa masa maganin da ke sa ruwa ya gangare ta waje. Wannan yana tare yayyafi. Ba ya tare ruwan Agusta ga mutumin da ke gudu a kan babur, domin iska ce ke tura ruwan da ƙarfi cikin kowace kafa. Kuma feshin nan na waje yana gogewa da rana da wanki, jakar da ruwa ke zamewa a kanta bana, baɗi sai ka ga tana shan sa.

Ruwa ba ta tsakiyar yadi ya fi shiga ba. Ta zif yake bi, da ramukan da allura ta huda wajen ɗinki, da gindin jaka idan ka ajiye ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Saboda haka in ka ɗauki jaka a kasuwa, kada ka tsaya kallon launi, juya cikinta waje. Duba ko an manna siririn tef a kan ɗinkin. Duba zif ɗin: mai kyau za ka ga fuskarsa a rufe da roba mai santsi, haƙoransa ba sa bayyana, ko kuma an ɗinka masa leɓe da ke sauko masa. In ka ga YKK, sunan kamfanin zif, a kan marikin, alama ce mai kyau, ko da yake shi ma ana buga na jabu, to ka ja shi sau goma ka ji ko yana sarƙewa. Gindin kuma ya zama mai kauri kamar tampol. Za su nuna maka lamba irin 600D ko 1000D su ce ga shaida. Wannan lambar kaurin zaren take faɗa, wato juriyar yadin ga gogayya da yagewa, ba ta ce komai a kan ruwa ba.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne rigar ruwa ta jaka. Wata 'yar leda ce mai roba a baki da ake lulluɓe jakar da ita gaba ɗaya. Jakunkunan Lowepro masu alamar AW suna zuwa da ita a ɓoye cikin wani aljihu a ƙasa, wasu kamfanonin ma suna yi. In jaka ba ta da ita, ko ka bar ta ko ka nemi rigar daban. Sai dai ka sani rigar ba ta rufe ɓangaren da ke manne da bayanka, ruwan da ke gangarowa daga wuyanka nan yake bi. Ni a kan babur jakar nake fara goyawa da rigarta, sannan in ɗora tawa babbar rigar ruwan a kan mu duka biyu. Shekaru da yawa ban sake ganin ɗigo a ciki ba.

Wani abu kuma da bai nuna maka kansa ba tukuna: jakar da ta jiƙe a Agusta, ka shanya ta har soson ya bushe ƙarau kafin ka mayar da kaya? In ba ka yi ba, ɗauki lensinka ka cire murfi biyun ka haska tocila ta ciki. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce. Danshi da duhu take so, kuma in ta daɗe tana cin shafen da ke kan gilashin, ko an wanke tabon ba ya fita. Na rasa lensi mai tsada ta haka, ba ruwan sama ne ya taɓa shi ba, a cikin jaka ya kwana wata biyu a ɗaki mai laima. Tun ranar ba na barin kaya su kwana a jaka da damina. Ina da bokitin roba mai murfi mai kamawa, na zuba ƙullin silika a ciki, irin 'yan ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin takalmi da na magani. In sun sha danshi sai a gasa su da wuta kaɗan-kaɗan, su koma aiki.

Hajiya Mai Bidiyo, Njamena

Kawu ya gama magana a kan ruwa, ba abin da zan ƙara. Amma ƙanena, ka lissafa da kyau: kwana nawa ne a shekara ruwa ke dukanka a hanya, kwana nawa kake cikin ƙura? Mu a nan damina wata uku zuwa huɗu ce, sauran duk ƙura da zafi. Hazon da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu, mai yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin ƙasarmu, kuma iskar hunturu ba ta tsayawa a kan iyaka a Kuseri ta nuna takarda, har Marwa da Garwa take kai shi. Laushinsa kamar garin alkama. Jakar da ruwa bai shiga ba ma, shi yana shiga.

Ni ƙura ce ta fara yi min ɓarna. Na dawo daga wani kamu, na zauna tace bidiyo, sai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a wuri ɗaya a kowane hoto, har a kan fuskar amarya. Ƙura ce ta zauna a kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. Zoben lensina kuma ya fara ƙara kamar ana niƙa yashi. Da na bincika, jakar ce da kanta ta zama rumbun ƙura: aljihunan raga na gefe, da zif guda bakwai, da maɗaurin nan mai mannewa irin na takalmin yara da ke riƙe soson ciki, duk sun cika. Kullum ina goge kyamara ina mayar da ita cikin datti.

Don haka nawa sharaɗin, jaka mai ƙarancin zif. Kowane zif ƙofa ce. Ka nemi wadda babbar ƙofarta ke ɓangaren da ke jingine da bayanka, irin tsarin jakar Flipside ta Lowepro. Amfaninta biyu: ƙofar ba ta fuskantar iska, kuma a cunkoso irin na kasuwar Dembe ko wajen hawan Sallah ba mai zuge maka ita ba ka sani ba. Cikinta ya zama mai haske, toka-toka ko ruwan lemo, don ka riƙa ganin ƙurar, kuma soson ya zama mai fita gaba ɗaya a kakkaɓe. Rigar ruwan da Kawu ya faɗa, ni da rani na fi sa ta. In za mu bi hanyar da ba kwalta sai in lulluɓe jakar, in mun isa in cire rigar a waje in kakkaɓe, kafin in buɗe komai.

Kada ka canza lensi a fili lokacin hazo. Shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamara ƙasa. Ka ajiye 'yar robar hura iska a aljihun sama, ka hura kafin ka goge, domin in ka goge gilashi da ƙura a kansa kai da kanka ka kankare shi.

Sai zafi. Buɗe littafin da ya zo da kyamararka, za ka ga an rubuta tana aiki daga digiri 0 zuwa 40. Garwa a Maris da Afrilu ka fi ni sanin tana wuce 40 a inuwa ma. Baƙar jaka a kan babur da tsakar rana tanda ce, kuma batir ne ke fara jin jiki. In ka samu mai launin ƙasa ko toka, ɗauke ta ko da baƙar ta fi kyau a ido. Kada ka bar ta a kan babur ko cikin mota a rufe, ko na minti goma ne.

Ɗan Marwa

Yaya, ni talaka ne, ga yadda na yi. Na sayi buhun ruwa irin na masu shiga kwalekwale, wanda ba shi da zif sam, bakinsa ake naɗewa sau uku a ɗaure. Ba ɗinki a jikinsa, da zafi aka manne shi. Na kai wa tela soso da yadi ya ɗinka min akwati mai ɗaki huɗu daidai kayana, na zura a ciki. Da shi na je Rumsiki cikin damina, ko laima bai yi ba. Duka-duka bai kai rabin kuɗin da ka tara ba.

In mai shago ya rantse maka ruwa ba ya shiga, tambaye shi lambar IP. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan, kuma abin zai jure zama cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Akwatunan roba masu tauri irin na Pelican ne ke da wannan, jakar goyo ta yadi da wuya ka ga mai ita. Kuma kada son kayan gida ya sa ka ba dukawa su yi maka ta fata. Aikin fatar Marwa ba na biyunsa, amma fata tana riƙe danshi, funfuna kuma tana son ta.

Kawu Mai Nikon, Ngaundere

Dabarar Ɗan Marwa tana da kyau ga tafiya, ni ma ina da irin buhun nan don hanya mai nisa. Amma ga mai biki ina da ja. Ango ya fito daga masallaci, kai kana kwance baki uku kana laluben lensi a ƙasan buhu, hoton ya wuce. Na biyu, abin da ya hana ruwa shiga shi ne zai hana shi fita. In ka jefa kyamara da gumin hannunka ko da ɗigon yayyafi ka naɗe baki, ka kulle ta ke nan da danshi cikin zafi. Wanda zai yi haka lallai ya sa silika a ciki, ya kuma buɗe da zarar ya isa.

Na manta ban ce ba: tafi kasuwa da kayanka duka, ka zuba su a jakar ka goya kafin ka biya. Ta zama tana da ɗamarar ƙugu da ta ƙirji, in ba haka ba a kan babur za ta riƙa lilo tana dukan bayanka a kowane rami. Ka ja hannayen da ƙarfi ka duba inda aka ɗinke su, nan jabu ke fara tsinkewa. Kuma kada ka raina gwanjo. Tsohuwar jaka ta asali mai lafiyayyen zif ta fi sabuwa mai sunan aro.

Mai Hoton Yelwa, Garwa

Kawu, Hajiya, ɗan'uwana na Marwa, Allah ya biya ku. Daren jiya na haska tocila kamar yadda Kawu ya ce. Babban lensin lafiya lau, amma ƙaramin akwai wani farin zare-zare a gefe ɗaya, bai kai tsakiya ba. Na raba shi da sauran, na fitar da komai daga tsohuwar jakar.

Yau na zaga babbar kasuwa da kayana a hannu. Na samu wata ta gwanjo mai launin toka, ƙofarta ta baya, zif uku kacal, rigar ruwanta na nan a aljihun ƙasa sai dai ta ɗan tsage a gefe, zan kai a manne. Da na juya cikinta na ga tef a kan ɗinkin rigar, amma babu a na jakar kanta, to zan bi dabarar Kawu ta ɗora babbar riga a sama. Mun daidaita a dubu 28. Canjin zan sayi bokiti mai murfi da robar hura iska, abin da ya rage in fara tarin kuɗin filashi.

Saura tambaya ɗaya, Kawu. Wannan zaren da ke cikin ƙaramin lensin, akwai mai buɗewa ya wanke a Ngaundere, ko sai na ba wani ya sauka da shi Yawunde a jirgin ƙasa? Ina da biki ranar Asabar ta sama, kuma da shi nake ɗaukar hoton amarya a cikin ɗaki.