Abin da likitocin mata suka ce kan yoyon fitsari

A wata tattaunawa da likitocin mata suka yi kan yoyon fitsari, batun doguwar naƙuda ne ya fi ɗaukar lokaci. Kan jariri ke danne mafitsara har naman wurin ya mutu, yoyo ya biyo baya. Shawararsu: idan naƙuda ta kai awa 12, a tafi asibiti, kada a tsaya jiran maigida ya dawo. Yankan gishiri kuma a bar shi.

Batun izinin tiyata ya fi taɓa ni. Sun ce matar da ke cikin hayyacinta ita za ta sa hannu. A yi wa miji bayani, amma jikin nata ne. Sirrinta amana ne, ko uwar miji ba a faɗa wa sai da yardarta.

Wadda ta riga ta kamu, ana gyarawa a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.