Jibin Ubangiji da rai madawwami: wace irin ciyarwa ake nufi?

Malamar Aji ta rubuta:

Gaisuwa gare ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina koyar da ajin masu shirin baftisma a wata ikilisiya ta ƙauye, kuma akwai ayar da bayaninta yake ba ni wuya duk lokacin da muka iso kanta, wato Yohanna 6:54, inda Ubangiji ya ce wanda yake cin namansa yana kuma shan jininsa yana da rai madawwami, shi kuma zai tashe shi a ranar ƙarshe. Aya ta 53 ma ta fi tsanani, domin ta ce in ba mu ci ba, ba mu da rai a cikinmu.

Shin wannan ci da sha shi ne wanda muke yi a teburin Jibin Ubangiji, inda muke cin gurasa mu sha daga kofi kamar yadda ya umarta, ko kuwa wani abu ne dabam? Idan shi ne, ina matsayin masu bi irinmu da ba mu da naɗaɗɗen fasto a zaune, sai an aiko mana daga gunduma, har akan yi watanni ba a ci Jibi ba, balle da damina idan hanya ta lalace? Ba na so in gaya wa 'yan ajin cewa abin tunawa ne kawai alhali Ubangiji ya kira shi abinci na gaske, ba na kuma so su ɗauka cewa gutsuren gurasa ne yake saya wa mutum Mulkin Sama.

Dattijon Ikilisiya ya amsa:

'Yata, Allah ya yi wa aikinki albarka. Shawarata ita ce ki fara da 'yan ajin daga farkon surar, domin aya ta 54 ba ta tsaya ita kaɗai ba. Kwana ɗaya kafin wannan magana Yesu ya ciyar da maza wajen dubu biyar da gurasar sha'ir biyar da kifi biyu. Kashegari taron ya bi shi har Kafarnahum, shi kuwa ya faɗa musu a fili cewa ƙoshin da suka yi ne ya kawo su, ya kuma gargaɗe su kada su yi wahala a kan abinci mai lalacewa. Sai suka jawo masa zancen mannar da kakanninsu suka ci a jeji. Idan kin duba Fitowa sura 16, za ki ga cewa ana tara mannar ne kowace safiya daidai cin yini, wanda ya ɓoye ragowa sai ta yi tsutsa ta yi wari, ban da ta jajiberin Asabar, kuma haka aka yi shekara 40. Duk da haka Yesu ya ce kakannin nan sun ci, sun kuwa mutu. Abincin da yake magana a kai kuwa shi kansa ne, wanda aka bayar domin ran duniya.

Yanzu ki koma Yohanna 6, ki jera aya ta 40 da ta 54. A ta 40, wanda ya dubi Ɗan ya kuma gaskata da shi yana da rai madawwami, za a tashe shi a ranar ƙarshe. A ta 54, alkawarin nan ɗin ne dai, kusan kalma da kalma, aka yi wa mai ci da sha. Alkawari ɗaya ne, saboda haka bakin da ake cin wannan abinci da shi bangaskiya ce. Agustin, bishof na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya taƙaita wannan a wa'azinsa da cewa wanda ya gaskata ya riga ya ci.

Sai dai kada ki tsaya a nan, domin a nan ne da yawa daga cikinmu muke rage wa teburin daraja. Jon Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, ya koyar cewa babu wani abu da aka faɗa a wannan sura wanda ba a miƙa wa mai bi shi a zahiri a cikin Jibi ba, kuma Jibin hatimi ne da aka buga wa wannan wa'azi. A wurinsa, Ruhu Mai Tsarki ne yake haɗa mai bi da Almasihu wanda yake Sama, har ya ciyu da shi da gaske. Shi ya sa ya so a riƙa cin Jibi kowane mako, amma mahukuntan Jeniba, birnin da yake hidima, suka tsayar da sau huɗu a shekara. Yaro sau ɗaya ake haihuwarsa, amma kullum sai an ɗora masa tukunya. Abincin bai haife shi ba, sai dai in aka hana shi zai rame. Ikilisiyarku ba ta rasa rai ba saboda jinkirin fasto, amma tana da haƙƙin ta yi kukan yunwa.

Katikist ya amsa:

Baba, na yarda da yawancin abin da ka faɗa, amma ka ba ni izini in kawo fahimtar Ikilisiyar Katolika, domin daga aya ta 51 maganar ta ɗauki wani nauyi. Da Yahudawa suka fara gardama suna tambaya yadda mutumin nan zai ba su namansa su ci, Yesu bai sassauta ba, sai ma ya ƙara da shan jini, abin da Shari'ar Musa ta haramta. Almajirai da yawa suka ce magana ce mai wuya, suka juya suka daina binsa, shi kuwa bai kira su ya ce misali yake yi ba. Ya juya ga sha biyun ya tambaye su ko su ma za su tafi.

Masu bi na farko ma haka suka ɗauki abin. Ignatiyus na Antakiya, yana kan hanyarsa ta zuwa Roma inda aka kashe shi a farkon ƙarni na biyu, ya rubuta wa Afisawa yana kiran gurasar da ake gutsurawa maganin rashin mutuwa. Jastin Shahidi, a tsakiyar ƙarni na biyun, ya bayyana wa sarkin Roma cewa Kirista ba sa karɓar wannan a matsayin gurasa da abin sha na yau da kullum, ya kuma ce dikinoni suna kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Ireniyus na Liyon, wajen shekara ta 180, ya kafa hujja da Jibi a kan tashin matattu, cewa jikin da aka ciyar da jikin Ubangiji ba zai ƙare a ruɓa ba. Abin da aka tabbatar a Majalisar bishof-bishof ta Lataran ta huɗu a 1215 da kuma ta Tirent a 1551 shi ne ainihin gurasar da ruwan inabin yana juyawa ya zama jikin Almasihu da jininsa, ko da yake kamanni da ɗanɗano suna nan yadda suke.

Game da yadda ciyarwar take, Toma Akwinas, babban malamin tauhidi na Katolika, ya ce abin da abinci yake yi wa jiki shi ne Jibi yake yi wa ruhu: yana riƙe shi, yana sa shi girma, yana mayar da abin da ya zube, yana kuma faranta masa. Bambanci ɗaya ne, kuma Agustin ɗin da Baba ya ambata shi ne ya nuna shi. Abincin duniya shi ne yake narkewa ya zama mai cinsa, wannan kuwa mai cin ne yake juyawa ya zama kamar abin da ya ci. Shi ya sa aya ta 56 ta ce mai ci yana zaune cikin Almasihu, Almasihu kuma a cikinsa. Rai madawwami ya riga ya fara tun a nan, Jibi ne yake rainonsa, har Jibin ƙarshe da ake kai wa mai jinya a bakin mutuwa muna ɗaukarsa guzurin tafiya. Majalisar Nikiya ta shekara ta 325 ta ce kada a hana mai mutuwa wannan guzuri, ta kuma kira hakan tsohuwar doka tun a lokacin.

Malama, damuwarki tamu ce, domin mu ma muna da ƙananan majami'u na ƙauye da Fada, wato firist ɗinmu, ba ya isa sai jefi-jefi, katikist ne yake jagorantar karatun Kalma da addu'a. Koyarwarmu ita ce Allah ya ba mu sakramenti, irin su baftisma da Jibi, domin amfaninmu, amma su ba su ɗaure masa hannu ba. Wanda yake marmarin Jibi da zuciya ɗaya, hanya ce kawai ta hana shi, ba a bar shi hannu wofi ba.

Ɗalibin Tauhidi ya amsa:

Da girmamawa ga iyayena, ina ganin an tsallake aya ta 63, inda Yesu da kansa ya ce Ruhu ne mai ba da rai, nama ba ya amfana kome. An yi wa'azin Kafarnahum dab da wani Idin Ƙetarewa, kimanin shekara guda kafin daren da aka kafa Jibi, saboda haka masu sauraro ba su da teburin da za su je, amma an bukace su su ci a ranar. Ɓarawon da ya tuba a kan gicciye bai taɓa ɗanɗana gurasar ba, aka kuwa yi masa alkawarin Firdausi a Luka 23:43. Bulus kuma ya ce a 1 Korantiyawa sura 10 Isra'ilawa duka sun ci abinci na ruhu iri ɗaya, amma yawancinsu suka faɗi a jeji.

Gardamar ba sabuwa ba ce. A Marbug ta ƙasar Jamus, a shekarar 1529, jagororin Furotesta biyu, Martin Luta da Zwingli, sun daidaita a kan batutuwa 14, suka rabu a kan wannan, Luta yana riƙe da cewa jikin yana nan tare da gurasar, Zwingli yana riƙe da wannan aya ta 63. Ni ina kusa da Zwingli, kuma abin da nake tsoro a wurarenmu shi ne mutum ya ɗauki Jibi kamar wani asiri da yake aiki ko da zuciya ba ta tuba ba. Tunawa kuma ba ƙaramin abu ba ne, tun da Ubangiji ne ya umarta, Bulus kuma ya ce shelar mutuwarsa muke yi har ya dawo.

Mamar Zumunta ta amsa:

'Ya'yana, ni ban yi karatun da kuka yi ba, amma na daɗe ina cikin matan da suke shirya teburin. Da yammacin Asabar muke yanka burodin ƙanana-ƙanana, mu wanke 'yan kofuna mu jera a faranti, mu goge farin ƙyallen da ake rufewa da shi. Saboda mu ne muke kwashe kayan bayan sujada, mun fi kowa sanin yawan kofunan da suke dawowa ba a taɓa ba. Abin da nake so Malama ta sani shi ne, a garuruwan da fasto yake zaune ma akwai masu yunwa, kuma su ne suke hana kansu.

Akwai matan da suke ficewa da zarar an fara waƙar Jibi, shekara da shekaru, domin an tsorata su da 1 Korantiyawa 11:29 da 30, cewa wanda ya ci da rashin cancanta hukunci yake ci wa kansa, har waɗansu suka yi ciwo, waɗansu suka mutu. Ayar gaskiya ce, amma a duba laifin da Bulus yake tsawatarwa. Masu hali na Koranti suna riga cin nasu har waɗansu su bugu, matalauta kuwa suna zaune da yunwa ana kunyata su. Aya ta 28 kuma ba ta ce mutum ya gwada kansa ya gudu ba, cewa ta yi ya gwada kansa sannan ya ci. In kina gaba da wata, ki je ki same ta kafin Lahadi ku sasanta, domin gurasa ɗaya muke ci, jiki ɗaya ne mu. Maƙwabtanmu 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, har wanke wa juna ƙafafu suke yi a lokacin nasu, ina kuwa ganin da wuya mutum ya durƙusa ya wanke ƙafar wanda yake riƙe da shi a zuciya.

Marasa lafiya kuma a kai musu. Na raka fasto gidan wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya, sai da aka tsoma gurasar a cikin kofin ta yi laushi aka sa mata a baki. Hankalinta ya riga ya fara gushewa, ba ta gane jikokinta, amma da aka fara karanta kalmomin daren da aka ba da Ubangiji, tana biye da fasto ba ta ɓata ba.

Malamar Aji ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana. Maganar Mama ta tuna mini da wani rukuni da ban ambata ba, wato waɗanda ikilisiya ta sa a ƙarƙashin horo ta dakatar da su daga Jibi. Idan abinci ne, ashe ba mu hana shi wanda ya fi kowa bukata ba?

Dattijon Ikilisiya ya amsa:

'Yata, horo yana da tushe, domin a 1 Korantiyawa sura 5 Bulus ya umarci a ware mutumin da ya nace cikin zunubi a fili, kada ma a ci abinci tare da shi, amma ya faɗi dalili, wato domin ruhunsa ya tsira a ranar Ubangiji. A 2 Korantiyawa 2:6 zuwa 8 kuma ya ce wa ikilisiyar hukuncin da aka yi wa wani mai laifi ya isa, su gafarta masa su ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Saboda haka a dakatar da wanda ya ƙi tuba, amma wanda ya tuba a mayar da shi, kuma dattawa su riƙa ziyartarsa a tsakani. Inda nake ganin muna kuskure shi ne a sa mutum a bencin baya a manta da shi har fasto biyu su zo su wuce. Ki roƙi dattawanku su duba littafin ikilisiya kafin zuwan fasto na gaba, su fitar da sunayen waɗanda suke ƙarƙashin horo da ranar da aka sa kowannensu, su kuma rubuta wa gunduma a tsayar muku da ranakun Jibi na shekara tun kafin damina ta faɗi.