Tambaya: ya zan yi da ɗalibina mai galahanga idan tsarin rana ya sauya?

Assalamu alaikum malamai 'yan uwana. Ina koyar da aji ɗaya a wata firamare a Gusau, yara 63. A cikinsu akwai yaro ɗan shekara 7 da likita ya ce yana da lalurar galahanga. Ba ya haɗa ido da mutum, abin da na faɗa shi yake maimaitawa. Amma ku ba shi marafan kwalba, sai ya jera su goma-goma ba kuskure. Da su na koya masa ƙidaya har 30.

Na zana masa hotuna a kwali: buta idan zai zagaya, kofi idan ƙishirwa ce, allo lokacin karatu. Wannan ya karɓa, alhamdu lillahi.

Inda na maƙale shi ne ranar Juma'a da ake tashi da wuri. Ana kaɗa ƙararrawa sai ya toshe kunnuwa, ya shige ƙarƙashin benci yana kuka. Wani malami ya ce bulala ce maganinsa, ni kam ban yarda ba.

Shin tun safe zan nuna masa hoton tashi, ko in fitar da shi kafin a kaɗa? Wanda ya taɓa gwadawa, don Allah ya taimaka min.