Leɓen fiffike ga jirgin rimot: wane girma ya dace?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum ƴan uwa. Jirgin soso ne mai fiffike a sama, tsawon fiffiken santimita 120, faɗinsa 20, nauyi giram 900. Da gudu yake sauka, filin kuma gajere ne. Ina son in yanka masa filaf, wato leɓen nan da ke saukowa a bayan fiffike. Wane girma, kuma digiri nawa?

Mai gyaran rediyo: Wa'alaikumus salam ƙanena. Faɗin leɓen ya zama ɗaya bisa huɗu na faɗin fiffike, a naka santimita 5 ke nan. Tsawo kuwa, fara daga jikin jirgi ka tsaya a santimita 25, na waje ka bar wa leɓen karkata, wato wanda ke karkata jirgi dama ko hagu. Kada kwaɗayi ya kai ka har ƙarshe. In ka yi haka, da gudu ya ragu, ƙarshen fiffiken zai riga gindinsa sakin iska, jirgin ya kife gefe guda dab da ƙasa, inda ba sararin ceto. Digiri 15 don tashi, 35 zuwa 40 don sauka. Abin da ya haura 20 galibi birki ne, don haka kar ka kashe inji gaba ɗaya.

Na Sabon Gari: Ƙari kan maganar Malam: da ka sauke leɓen, irin wannan jirgi yakan ɗaga hanci. A rimot ka haɗa shi da leɓen wutsiya, na wutsiyar ya sauko kamar milimita 2, ka gwada can sama tukuna. In rimot ɗin yana da saitin jinkiri, ba shi daƙiƙa 2.

Sarbo, wato ɗan injin da ke motsa leɓe, ka sa biyu, MG90S mai haƙoran ƙarfe. Na roba irin SG90 haƙoransa kan zube in leɓen ya taɓa ƙasa. In waya guda mai reshe za ta ja su, su kalli gefe ɗaya, in ba haka ba leɓe ɗaya ya sauka ɗaya ya hau. Auna saukar leɓunan biyu da rula, bambancin milimita 2 ma yana mirgina jirgi.

Mai walda: Gam ɗin kyandir dai a bar shi wajen maƙala leɓe. Ranar Afrilu a Maradi tana laushe shi tun jirgin yana ajiye a kan yashi. Salatif mai zare ya fi, sama da ƙasa, bayan ka fiƙe gaban leɓen ta ƙasa don ya samu wurin lanƙwasa.