Idan zuciyar mai bi ta yi sanyi

A tattaunawar da wasu masu bi suka yi kan lokacin da addu'a ke yi wa mutum nauyi, mafi yawansu sun yarda cewa wannan hali ba ya nuna Allah ya yashe bawansa. Dattawa sun fi tsayawa a kan annabi Iliya a 1 Sarakuna 19, wanda ya gudu daga sarauniya Yezebel har ya roƙi mutuwa, amma kafin Ubangiji ya yi masa magana, mala'ika ya ba shi gurasa da ruwa, Iliya kuma ya sake yin barci. Saboda haka suka ce a fara duba lafiyar jiki, domin gajiya da rashin barci sukan jawo wannan sanyi, baƙin cikin da ya daɗe kuma yana bukatar likita tare da addu'a. A ganina, wannan shawara ta fi sauran muhimmanci.

Wasu sun ce idan mutum ya rasa abin faɗa, ya karanta Zabura 42 ko 88 da murya. An kuma gargaɗe shi kada ya daina zuwa sujada, an kuma shawarce shi ya bayyana wa fasto ko amintaccen ɗan'uwa halin da yake ciki.